Snapseed wajen gyara zaman hoto: sharhi ga mai koyo

Snapseed manhajar Google ce, kyauta, ba talla, kuma tana aiki ko babu data. Mai koyon ɗaukar hoto da waya ya bar wasa da launi tukuna, ya fara da Crop, Rotate da Perspective, don su ne ke gyara zaman abubuwa a cikin hoto.

Da an taɓa Crop, wato abin yanke gefen hoto, layuka biyu a tsaye da biyu a kwance za su raba hoton gida tara. A ja gefen hoton har idon mutumin da ke cikin hoton ya hau layin kwance na sama, ko ya faɗa inda layuka suka gicce. Idan mahayi ne a hawan sallah, a bar fili a gaban dokin, ta inda ya dosa. Hancin doki a manne da bakin hoto kamar zai yi karo da bango ne. Akwai ma'aunan faɗi da tsawo a shirye, irin su 3:2, 4:3 da 16:9. In an juya na ƙarshen a tsaye, ya yi daidai da Status na WhatsApp.

Sai dai yanka na cin hoto. Hoto mai megafiksel 12, wato ƙananan ɗigo miliyan 12, yawanci ɗigo 4000 ne a 3000. Aka rage rabin tsawo da rabin faɗi, megafiksel 3 kacal ya saura, kuma a bugu babba za a ga dishi-dishi.

Rotate kan miƙe karkataccen hoto, amma tana gutsure kusurwoyi, shi ya sa ake barin 'yar rata a gefe tun wajen ɗauka. Perspective kuwa ta burge. Hasumiyar Gobarau da aka ɗauka daga gindinta takan fito kamar za ta kwanta baya, jan yatsa kaɗan ya tsayar da ita. In aka zarce, ginin ya zama siriri kamar an ja roba.

Turken lantarki da ya tsiro a kan hular ango fa? Healing, abin goge abin da ba a so a hoto, tana share shi in sama ce fayau a baya. In rumfa ce ko zanen atamfa, sai ta bar tabo, dole mai ɗauka ya matsa taku ɗaya gefe kafin ya danna.