Shekara ɗaya da MinION a ɗakin gwajinmu

Ranar da kwalin ya iso, sai da na zazzage shi ina neman sauran kayan. An faɗa mini ƙarama ce, amma ban zaci na'urar da muka yi wata da watanni muna jira za ta kwanta a tafin hannuna kamar tsohuwar wayar salula ba. Nauyinta bai kai giram 100 ba, kuma igiya ɗaya tak gare ta, wadda ake soka wa a jikin kwamfuta. Wani ɗalibina ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Malama, wannan ce za ta karanta DNA ɗin?" Na ce masa ita ce, in Allah ya yarda.

Aikina bibiyar ƙwayoyin bakteriyar da suka daina jin magani ne. Muna ɗebo samfur daga gidajen kaji da kwatocin unguwanni a kewayen Kano, mu raini ƙwayoyin, mu ga wane magani ke kashe su, wanne ne kuma suka fi ƙarfinsa. Wannan duka muna iya yi a gida. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin dalili, domin dalilin yana rubuce a cikin DNA, kuma mu ba mu da abin karantawa. A da sai mu ciro DNA, mu aika ƙasar waje, mu zauna jira. Na taɓa jiran sakamako wata uku, har ɗalibar da ke da aikin ta fara tunanin sauya maudu'i. Wannan jiran ne ya sa na nace sai mun sayi MinION, ta kamfanin Oxford Nanopore da ke Ingila.

Yadda take aiki yana burge ni har yau. DNA dogon zare ne da aka rubuta da haruffa huɗu: A, C, G da T. A cikin na'urar akwai wani faranti da ake sakawa a cire, mu a ɗakin gwaji fulosel muke ce masa. A jikinsa akwai wata siririyar fata mai ɗauke da kafofi na furotin sama da 2,000, ƙanƙantarsu ta kai a ce zaren DNA ɗaya ne kawai zai iya ratsawa. Ana tura lantarki mai rauni ta cikin kowace kafa. Idan zare ya zo wucewa, haruffan da ke cikin kafar a wannan lokacin sukan tare hanyar lantarkin, kowane jeri da irin tarewarsa, sai ƙarfin wutar ya riƙa hawa da sauka. Wannan hawa da saukar ita manhaja ke mayarwa haruffa. An raba kafofin nan ga layuka 512, kowane layi da kafa ɗaya yake karatu a lokaci guda, kowace kafa tana jan kimanin haruffa 400 a daƙiƙa ɗaya. Idan mutum ya tuna cewa aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam na farko ya ci shekara 13 da kusan dala biliyan 3 kafin a kammala shi a 2003, dole ya jinjina wa wannan 'yar aba.

Ba a kan talla na dogara ba kafin mu saya. A 2015, lokacin Ebola a Gini, masu bincike sun ɗauki irinta a cikin jakunkunan tafiya, suna fitar da sakamako cikin kwana ɗaya. A 2016 'yar sama jannati Kate Rubins ta karanta DNA da ita a tashar sararin samaniya. Amma wanda ya fi taɓa ni na gida ne. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a Nijeriya, an shiga fargabar ko wani sabon nau'i ne ya ɓulla mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Da wannan na'ura aka yi aiki a asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo, aka gano cewa ba sabon nau'i ba ne, akasarin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauka. Na ce abin da ya yi aiki a Irrua ba zai gagara a Kano ba.

To, ya yi aiki. Daren farko ba zan manta da shi ba. Mun haɗa ƙwayoyi goma sha biyu a faranti ɗaya, kowace mun liƙa wa DNA ɗinta lambar shaida don a iya rarrabe su daga baya. Na danna maɓallin farawa a manhajar MinKNOW bayan sallar isha'i. Allon ya nuna ƙananan murabba'ai, kowanne yana wakiltar layi ɗaya, suka fara rikiɗewa zuwa kore ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan mintoci zaruruwa suka fara shigowa muna gani da idonmu. Babu wanda ya tafi gida da wuri. Kafin azahar ta washegari mun haɗa cikakken DNA na ƙwayar bakteriyar Klebsiella guda, mai haruffa sama da miliyan biyar.

A nan ne na ga ainihin amfaninta, kuma shi ne dalilin da zan ba kowa shawarar sayenta. Na'urorin da aka saba da su sukan daddatsa DNA gutsi-gutsi, haruffa ɗari da ɗoriya zuwa ɗari uku, sannan a yi ta faman haɗa su kamar mai ɗinke takardar da aka yayyaga. MinION kuwa tana karanta zare iya tsawonsa, haruffa dubu goma, dubu hamsin, wani lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba. Ga mai irin aikina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bakteriya tana da babban kundin DNA nata, sannan tana da wasu ƙananan zobba da ake kira filasmid, waɗanda take iya miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Idan gaɓar DNA da ke hana magani aiki tana kan irin wannan zobe, to tana iya tsallakawa daga ƙwayar cikin kashin kaza zuwa wadda ke sa ɗan Adam ciwo. Gutsattsarin karatu yakan gaya maka gaɓar tana nan, amma da wuya ya nuna maka inda take zaune. A ɗaya daga ƙwayoyinmu mun ga gaɓar CTX-M-15, wadda ke sa ƙwayar ta lalata magunguna irin su seftiriyazon, zaune a kan zobe tare da wasu gaɓoɓin juriya, zoben kuma ya fito a rufe cif. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Sai dai duk mai shirin saye ya sani, na'urar ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. A da an daɗe ana tallata kunshin farawa a kan dala 1,000, kuma mutane da yawa a nan suke tsayar da lissafi. Kuɗin gaske yana kan faranti da sinadaran shirya samfur, domin su ne masu ƙarewa. Faranti ɗaya ɗaruruwan daloli ne, kafofinsa kuma mutuwa suke yi a hankali yayin aiki, iyakarsa kwana uku yana gudu. Akwai sinadarin wanke shi a sake amfani da shi, muna yi, amma zagaye na biyu ba ya kai na farko. Da canjin dala na yanzu, ban taɓa ɗora faranti ba sai na tara samfur da yawa.

Sannan ga zafi. Faranti firij yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya tashi aiki. Sinadaran kuwa firiza suke so. Odarmu ta biyu ta faɗo a watan Afrilu, wani wakilin fito da kaya ya bar kwalin a sito kusan mako uku. Da muka gwada farantan, ɗaya ya nuna kafofi masu rai ƙasa da 800, wato ƙasa da abin da ake ɗauka lafiyayye. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin tallafin ɗalibai ne ya narke a sito. Wutar lantarki ma haka. Idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ana tsakiyar karatu, an yi asarar sa'o'in da ba za su dawo ba. Sai da muka haɗa inbata da sola na wannan teburin kaɗai, da na firij ɗin, kafin hankalina ya kwanta.

Hannu ma sai ya faɗa. Wurin da ya fi tsayar mini da numfashi shi ne zuba ruwa a faranti. Za ka buɗe wata 'yar ƙofa, ka sa bakin fifet, wato ɗan bututun auna ruwa, ka juya shi a hankali ka zuƙo ɗigon ruwa kaɗan don fitar da iskar da ta maƙale. Sannan ka zuba ruwan share fage, ka jira minti biyar, ka ƙara, sai ka ɗiga samfurin ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya shige kafin na gaba. Kumfar iska ɗaya idan ta ratsa kan kafofin, duk inda ta taɓa ya mutu. Ya faru da ni a karo na uku: na yi gaggawa, na ga wani yanki na allon ya yi duhu, bai kuma dawo ba. Tun daga ranar, duk ɗalibin da zai taɓa sabon faranti sai ya yi ta gwaji a kan tsoho da ruwa zalla. Kuma ingancin DNA ɗin da ka ciro shi ne rabin aikin. Wanda aka jijjiga da ƙarfi ya kakkarye, gajerun zaruruwa zai ba ka, ka rasa abin da ka sayi na'urar dominsa.

Batun kuskuren karatu, wanda shi aka fi sukarta da shi, ya ragu sosai. Faranta nau'in R10.4.1 da manhajar Dorado mai fitar da haruffan sun kai inda yawancin haruffa ke fitowa daidai, sama da 99 cikin 100 idan aka zaɓi karatu mafi tsanani. Har yanzu takan yi tuntuɓe inda harafi ɗaya ya maimaitu da yawa a jere, don haka idan hukuncina ya rataya a kan bambancin harafi ɗaya, nakan tabbatar ta wata hanyar. Shi kuma karatu mafi tsananin yana buƙatar kwamfuta mai ƙaƙƙarfan katin GPU, wato katin da ke hanzarta lissafi. Tamu ta farko ta kwashe kwanaki tana fassara aikin dare ɗaya, sai da muka sayi wata.

Wa zan ce ya saya? Duk ɗakin gwajin da ke aiki kan bakteriya, bairos, ko cututtukan amfanin gona, wanda ke da firij mai tsayayyiyar wuta da mutum ɗaya aƙalla da zai zauna ya koyi sarrafa bayanan. Wanda kuma samfur biyu ko uku gare shi a shekara, gara ya haɗa kai da masu ita. Mu yanzu sassa uku ne ke tara samfur muna raba kuɗin faranti. Ɗalibar nan da ta taɓa jiran wata uku ita ke koya wa sababbi zuba ruwa, hannunta ya fi nawa natsuwa. Oda ta gaba mun tsayar sai Disamba, lokacin hunturu, kuma ni da kaina zan je filin jirgi da kula cike da ƙanƙara.