Gargaɗi: masu sayar da ETA ta Ingila ga wanda fasfonsa ke buƙatar biza

Dala 550 suka ci mini. Dala 380 da farko, sannan dala 170 da mutumin da ya ce shi wakilinsu ne ya kira kuɗin gaggawa. Ga tikitin jirgi da ya tafi a banza, shi kam ba na ma son tuna shi yanzu. Duk a kan wata takarda da ba ta da rajista a ko'ina sai a cikin wayata. Raina a ɓace yake, in kun ga magana ta hau kan wata ku yi haƙuri ku karanta.

Tun kafin wani ya ce ai ban yi bincike ba, to na yi. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutumin ya ce Ingila ta fito da tsari mai suna ETA, izinin tafiya ne da ake nema ta intanet, ba layi, ba zuwa ofishin biza, ba ɗaukar zanen yatsu. Na duba, akwai ETA ɗin. Ya ce tana aiki shekara 2, kana shiga kana fita, kowace ziyara har wata 6. Na duba, haka ne. Ya ce amsa ba ta cika wuce kwana 3 na aiki ba. A rubuce na gani. Ya ce da 'yan Qatar aka fara a ƙarshen 2023, daga nan aka yi ta faɗaɗawa. Wannan ma gaskiya ne. To ku gaya mini, mutum ya faɗa maka abu biyar ka bincika ka same su daidai, na shidan za ka ce ƙarya yake yi?

Na shidan kuwa shi ne ƙaryar. ETA ta waɗanda ba sa buƙatar biza ce in za su je Ingila ziyara: ƙasashen Larabawan yankin Gulf, su Amurka da Kanada da Ostareliya tun Janairun 2025, ƙasashen Turai tun Afrilun 2025. Fasfona ba ya cikin jerin. Kuma na tambaye shi! Wallahi na tambaye shi. Na ce masa ni fa na ga jerin ƙasashen, ban ga tamu ba. Sai ya turo saƙon murya, yana nan a wayata har yanzu: "Yallaɓai, ka kwantar da hankalinka. Kwanan nan aka shigar da ku, shafin gwamnati ne ba su sabunta ba tukuna. Mu wakilai ne masu lasisi, ƙofar da muke bi daban ce, shi ya sa namu kuɗin ya ɗan ɗara. Amana ce tsakanina da kai, ba zan ci amanarka ba." Murya a natse, ba gaggawa, ba roƙo. Na saurari saƙon nan har na haddace shi, ina neman inda muryar ta yi rawa ko ta nuna alamar ƙarya, babu. "Amana ce tsakanina da kai." Haka ya ce.

A filin jirgi, yarinyar da ke kantar tantance fasinjoji ta ɗora fasfona a na'ura, ta duba allo, ta sake ɗorawa. Ta ce, "Yallaɓai, ina bizarka?" Na miƙa mata takardar da na buga, mai tambarin kambi a sama da lambar QR a ƙasa, har da hatimi. Ta juya ta, ta kira shugabanta. Shi ne ya ja ni gefe ya yi mini bayani a hankali, Allah ya saka masa da alheri, bai ɗaga murya ba. Ya ce ETA ta gaskiya ba takardar bugawa ba ce, a jikin lambar fasfo ake liƙa ta a cikin kwamfuta, kuma su kamfanin jirgi da sun shigar da bayanan fasfo amsa ce ke dawo musu daga hukumomin Ingila, ko mutum ya hau ko kada ya hau. Ni amsar ta nuna ba ni da izini. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, doka ce a kansu, ana cin kamfanin jirgi tarar fam 2,000 a kan kowane fasinja da ya kai Ingila ba cikakkun takardu. Amma layi na bayana, mutane suna kallo, aka turo mini akwatina na ja shi na fito. Ɗiyata tana can tana jiran in zo bikin kammala karatunta, tana ta rubuto mini "Abba, kun taso?" Na rasa abin da zan rubuta mata.

Bari in koma baya, ban faɗi yadda na same su ba. Bincike na yi a intanet kan hanyar samun izinin zuwa Ingila da sauri, don lokaci ya matso, bizar ziyara kuma takan ɗauki kamar mako 3 bayan an ɗauki zanen yatsu. Shafinsu ne ya fito a sama. Tsaf yake, rubutu ba kuskure, da hoton tuta, da tambayoyi irin na hukuma: ka taɓa aikata laifi, mene ne aikinka. A ƙasa akwai wurin da za ka latsa ya kai ka WhatsApp. Da Turanci muka fara. Da ya ga sunana sai kawai ya juya zuwa Hausa, "A'a, ashe ɗan gida ne! Sannu da ƙoƙari, Yallaɓai, ya iyali?" Nan ne. In ana neman inda ya kama ni, nan ne. Hausa gangariya, da gaisuwa, da addu'a ga yarinyar, Allah ya sa albarka a karatun. Wa zai ji wannan ya kawo cuta a ransa? Ni ba yaro ba ne, ba kuma yau na fara hawa jirgi ba, na san biza, na san layinta, na san wahalarta. Don na san wahalar ne ma na ji daɗi da aka ce an sauƙaƙa.

Dala 380 ɗin ta kati na biya a shafin. Rasit ya zo ta imel nan take, da lamba da komai. Dala 170 ɗin kuma, ina jin washegari ne, a'a, bayan ya turo mini hoton da ke nuna wai ana kan duba buƙatata ne, sai ya ce an sami cunkoso, in ban shiga layin gaggawa ba ranar tafiyata za ta wuce. Ya ce na'urar katin ta sami matsala, in tura ta wani asusu. Sunan mutum ne a kan asusun, na kuma yi magana, ya ce akawunsu ne. A lokacin na riga na sayi tikiti, na riga na biya 380, me zan yi, in bar su su nutse? Na tura 170. Ya zama 550. Kuɗin ETA ta gaskiya fam 10 ne da farko, ya koma fam 16 a Afrilun 2025. Fam 16! Bai kai dala 25 ba. Ni na biya dala 550 a kan abin da ko da fam 16 ɗin ba za a ba ni ba. Da kuɗin nan da na biya bizar ziyara ta wata 6 ta halal, wadda fam 127 ce a lokacin, har da canji mai yawa.

Daga filin jirgin na kira shi, ya ɗauka fa. Bai gudu ba tukuna. Ya yi salati, ya ce abin ya ba shi mamaki, matsalar na'ura ce daga can, in turo dala 90 a sake kunna izinin cikin awa ɗaya in kama jirgin gaba. Ina tsaye da akwati a hannu yana neman ƙarin dala 90! Da na ce ya ba ni lambar lasisin da ya ce suna da shi, sai layi ya yanke. Zuwa dare hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, saƙona ba ya shiga.

Shafin ma ya ɓace, amma ya dawo da wani suna, fasali iri ɗaya, tambayoyi iri ɗaya. Yanzu har da ESTA ta Amurka suke tallatawa, wadda ta ƙasashe arba'in da 'yan kai ce da aka ɗauke wa biza, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu. Da eTA ta Kanada, wadda kuɗinta dalar Kanada 7 ne kacal. Har da ETIAS ta Turai, wadda lokacin da na ga tallar, Tarayyar Turai ba ta ma fara karɓar buƙatunta ba, su kuma sun sa mata farashi. Dukansu abu ɗaya ne: izini ne na wanda fasfonsa ba ya buƙatar biza, galibi ba sa maye gurbin biza ga wanda ke buƙatarta.

Abin da ke hana ni barci ma ya wuce kuɗin. Shafin bayanan fasfona yana hannunsu, da hoton fuskata, da ranar haihuwata, da lambar katina. Na sa banki ya rufe katin. Sun ce za su bi kadin 380 ɗin tunda ta kati aka cire, 170 ɗin kuwa da hannuna na tura, kada in sa rai sosai. Fasfon kuma ban san me za su aikata da shi ba.

Ku dai duba jerin ƙasashen da za su iya neman irin wannan izinin a shafin gwamnatin ƙasar da za ku je, na Ingila gov.uk ne. In sunan ƙasarku ba ya ciki, biza za ku nema, ba wani wakili mai ƙofa ta daban. Kada ku tura kuɗi asusun mutum. Ku kira kamfanin jirgi ku tambaya kafin ku sayi tikiti.

Hotunan hirarmu, da rasit ɗin 380, da shaidar tura 170, da takardar bogin, da saƙon muryar nan, duk zan ɗora su da na gama rufe lambar fasfona a jiki. Duk wanda ya san ya tura kuɗi irin wannan asusun ya yi mini magana, banki sun ce in an sami masu ƙorafi da yawa a kan asusu ɗaya sun fi saurin ɗaukar mataki.