LTSP: girkawa ba ta ɗauki awa ɗaya ba, suwic ya cinye kwana biyu

In ana maganar girkawa kawai, ban ga abin kushewa a LTSP ba, wato manhajar Linux da ke sa kwamfutoci marasa faifai su tashi ta netwok daga uwar garke guda. A kan Ubuntu ka sauke ltsp da dnsmasq da nfs-kernel-server da openssh-server da squashfs-tools, sannan ka bi umarni biyar: ltsp dnsmasq, ltsp image /, ltsp ipxe, ltsp nfs, ltsp initrd. Shi ke nan. Na biyun ne kaɗai ke cin lokaci, don shi ke matse tsarin uwar garken gaba ɗaya ya mayar da shi fayil guda a /srv/ltsp/images. Wanda ya sha fama da tsohon LTSP 5 zai san an yi gyara na gaske tun da Alkis Georgopoulos ya sake rubuta manhajar a 2019. Kwamfutar gwaji ta farko ta tashi ba gardama, har na fara yabo.

Da aka jona kwamfutoci ashirin a babban suwic, na'urar da ke haɗa su a netwok ɗaya, sai murna ta koma ciki. Ka kunna su, wasu su tashi, wasu su tsaya a baƙin allo da PXE-E51, wato ba su sami amsar DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi a netwok, ba ko kaɗan. Ka sake kunnawa, waɗanda suka tashi ɗazu su ƙi, waɗanda suka ƙi su tashi. Matsalar da ke zuwa ta tafi ta fi wadda ke tsaye wuri ɗaya ban haushi, domin duk abin da ka taɓa sai ka ɗauka shi ne maganin, bayan minti goma ta dawo ta ƙaryata ka.

Zargin farko kan dnsmasq yake faɗawa, kuma da dalili. LTSP na saita shi ne a matsayin mataimakin DHCP: rauta ce ke raba adireshi, shi kuma ya tsoma baki ya ce ga inda fayil ɗin tashi yake. Idan uwar garken ba ta da tsayayyen adireshi, ko an sauya mata layi bayan girkawa, bayanin da ke cikin /etc/dnsmasq.d/ltsp-dnsmasq.conf ya zama tsohon labari har sai an sake buga ltsp dnsmasq. Wannan an duba, lafiya lau. Katangar tsaro ma an duba: ƙofa ta 67 da 69 da 4011 a UDP, ta 22 don SSH, sai na NFS, hanyar da uwar garke ke miƙa fayiloli ta netwok, wato 2049 da 111 da ta mountd wadda lambarta ke sauyawa in ba a ɗaure ta ba. Duk a buɗe.

Abin da ya tona asirin shi ne leƙen saƙonnin da ke isowa da umarnin tcpdump -i eno1 port 67 or port 68 a kan uwar garken, tare da journalctl -fu dnsmasq a wata tagar. Kwamfuta na can tana ta roƙon adireshi a allonta, amma a nan shiru kake ji, ko fakiti ɗaya bai iso ba. Sai bayan kusan rabin minti saƙonni su fara shigowa, lokacin da katin netwok ɗin ya riga ya gaji ya haƙura. Ashe laifin ba na manhajar ba ne. Suwic ɗin na gudanar da tsohon STP, tsarin da ke hana saƙo zagaye a madauki idan an haɗa kebul ba daidai ba. Duk sanda ya ga sabon haɗi a wata ƙofarsa, wato ramin da ake jona kebul, sai ya riƙe ta daƙiƙa 15 yana sauraro, wata 15 yana koyon adireshi, kafin ya bar komai ya wuce. Kwamfuta mai faifai ba ta ma san ana yi ba, don kafin ta gama tashi ƙofar ta buɗe. Mara faifai kuwa a cikin waɗannan daƙiƙu 30 ɗin rayuwarta take. Abin bai tsaya nan ba: ko ta tsallake matakin farko, da kernel ya ɗora direban katin haɗin kan yanke ya dawo, suwic ya sake ƙirga talatin daga farko, ita kuma ta maƙale tana neman NFS.

Gwaji mafi sauƙi, wanda da an fara da shi da an huta: a saka ƙaramin suwic mara saiti tsakanin kwamfutar da babban suwic ɗin. Ƙofar babban za ta ga haɗi a kunne kullum, ba za ta sake ƙirga komai ba. In kwamfutar ta tashi sau biyar a jere a haka, ka gano ɓarawonka. Magani kuwa layi ɗaya ne: a kunna portfast, saitin da ke buɗe ƙofa nan take ba jira, ko edge port kamar yadda wasu kamfanoni ke kiransa, a ƙofofin da kwamfutoci ke jone. Kada a taɓa ƙofar da ta haɗa suwic da suwic, kuma kada a kashe STP ɗungurungum don a huce haushi. Wanda suwic ɗinsa ke da DHCP snooping, saitin da ke tare amsar DHCP daga ƙofar da ba a amince da ita ba, ya sa ƙofar uwar garken cikin amintattu, in ba haka ba amsar dnsmasq za a zubar a hanya, kwamfuta ta sami adireshi amma ta ce PXE-E53, babu sunan fayil.

Bayan wannan ashirin ɗin suka riƙa tashi tare, na koma ina yabo. Sai dai yabon bai daɗe ba. Ka ƙirƙiri sabon mai amfani a uwar garke, ya je ya zauna ya buga kalmar sirrinsa, a ce ba a san shi ba. Dalili: jerin masu amfani da ltsp.conf duk ana cusa su ne cikin ltsp.img, fayil ɗin da kwamfuta ke ɗauka lokacin tashi, don haka dole a sake ltsp initrd kuma a sake kunna kwamfutar. An rubuta wannan a takardun bayani, ban musa ba, amma allon shiga ba ya ko ishara da hakan. Haka sabunta manhaja: ka ƙara shiri ɗaya, sai ka sake ltsp image / ka zauna jira.

Babban abin da ya kamata a sani kafin a ɗauko tsofaffin injuna daga sito shi ne sabon LTSP a kan kwamfutar da ke gaban mutum yake gudanar da shirye-shirye, uwar garke fayil kawai take miƙawa. Tsohon salon da uwar garke ke ɗaukar duk nauyi ya tafi tare da LDM, allon shiga na tsohon LTSP. Mai son wancan salon sai ya haɗa da x2go ko xfreerdp, manhajojin shiga wata kwamfuta daga nesa, da kansa. Injin mai RAM gigabait ɗaya zai tashi, amma ka buɗe burauza da shafi uku ka ga yadda zai yi ta nishi. Kuma in kebul ɗin uwar garken ba na gigabit ba ne, kada ma a fara kunna ashirin a lokaci guda.