Saita sensar VSC bayan alaimen: waya ko kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce an canza wa Camry ɗinka tayarod an yi alaimen, sai fitilar VSC (tsarin da ke hana mota kwacewa) ta kama. Bakanike ɗaya ya ce zai saita da guntuwar waya, wani ya ce sai an sa kwamfuta. Ga yadda suke.

VSC ɗin Toyota shi ne VSA a Honda, ESP a Mercedes. Tun daga ƙirar 2012 Amurka ta wajabta shi, shi ya sa motocin Kwatano da dama suke zuwa da shi. Yana duba inda ka nufa da sitiyari da inda motar take juyawa. In suka saɓa, sai ya taka birkin taya ɗaya don kada ta kwace. To, in sensa ta ɗauki karkatacce a matsayin miƙaƙƙe, sai ka ji mota tana kama birki da kanta a kwana, kwalta a bushe. Wannan ba abin wasa ba ne.

Hanyar waya ba ƙirƙirar bakanikai ba ce, tana cikin littafin gyaran Toyota. A soket ɗin da ke ƙasan sitiyari ake haɗa rami na 4 da na 12, a goge tsohon saiti, motar ta ɗauki sabo. Tana aiki, ga araha. Amma aiki ne a makance, kuma rami na 16 wutar batir ce kai tsaye: hannu ya kuskure, fiyus ya tafi, wani lokaci har da abin da ya fi fiyus tsada.

Kwamfuta, kamar Techstream (manhajar duba mota ta Toyota), saitin nan dai take yi, sai dai tana nuna maka abin da ke ciki. In lambar C1210 ko C1336 ce ta fito, yawanci saiti ne ya ɓace. Kana kallon allo, sitiyari a miƙe, ka ga ko lambar da sensar sitiyari take nunawa tana kusa da sifili. In ka juya lambar ba ta motsa ba, matsalar tana sensa ko wayarta, saiti ba zai yi magani ba. Ni a nan na fi tsayawa, ko da ta fi kuɗi.

Ko wacce ka zaɓa, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, ba gangaren bakin gareji ba, giya a P, iskar tayoyi daidai, kada yaran shago su jingina da ita. In kuma sitiyarin a karkace yake kana tafiya miƙe, koma wurin mai alaimen tukuna.