Sufa gulu ko efoksi, yanka ko jira: amsa kan murjani mai shimfiɗa a dutse

Salam ɗan uwa. Ka ce ka samu ɗan ɓallin murjanin Montipora irin mai shimfiɗa, kana tambaya da me za ka manna shi a tankin kifinka na ruwan gishiri, sufa gulu ko efoksin nan da ake murzawa da hannu, sannan in ya yaɗu yaya za ka ciro wa abokinka na Agege yanki ba tare da ka farfasa dutsen ba.

Toh sufa gulu dai mai kauri ake nufi, wato jel, ba mai ruwa-ruwan da ake talla a gosulo ba, ka duba jikinsa ka ga an rubuta cyanoacrylate. Da ya taɓa ruwa yake yin fata a sama, shi ya sa in ka kai shi kan dutse sai ka danna ka ɗan murza, ka ɗaga kaɗan ka sake dannawa fatar ta fashe, ka riƙe kamar daƙiƙa 30. Yana kamawa nan take, ba ya cin wuri, kuma ba ya cutar da kifi. Inda yake kasawa shine dutse mai rami-rami, babu inda zai zauna sosai, dodon koɗi ɗaya mai ƙarfi ya bi ta wurin da dare sai ka tsinci murjaninka a kife cikin yashi.

Efoksi kuwa ba kamu yake yi ba, cike gurbi yake kamar siminti, kuma kafin ya taurare sai ya kai minti 20 zuwa awa guda. Sikima, wato na'urar da ke cire datti daga ruwan tanki ta hanyar kumfa, za ta yi ta ambaliyar kumfa bayan ka sa shi, gara ka rage ta na ɗan lokaci. Kar ka sayi irin na makanikai mai garin ƙarfe, ka nemi wanda aka rubuta na tankin ruwan gishiri ne. Sannan don Allah kar ka bari ya hau gefen murjanin, domin gefen nan ne bakin girmansa, in ka rufe shi ka tsayar da shi.

Ni a ganina in wurin a shafe yake jel kaɗai ya isa, in akwai rami ka haɗa su, jel a ƙasan ɓallin, ɗan curin efoksi, sai wani jel ta wajen dutse. Ai mai shimfiɗa shi yake manna kansa da kansa, cikin makonni zai sauko ya rungumi dutsen, kai naka kawai ka riƙe shi kar ya motsa kafin lokacin.

Maganar ciro yanki, nan ne nake so ka natsu. Yanka na nufin ka fito da dutsen waje, kurfi da guduma ko ƙaramin zarto, ka haɗa da ɗan dutsen da ke ƙarƙashinsa tunda ƙashin Montipora siriri ne, da ka ce za ka ɓanɓaro shi kaɗai marmashewa zai yi. Ka samu yanki a ranar, ka tsoma shi a ruwan tanki da ɗigon aidin, amma ka bar rauni biyu, na uwa da na ɗa. Jira kuwa, ka ajiye ɗan tsakuwar dutse a jikin gefen da ke girma har suna taɓa juna, ya hau ta da kansa, wata biyu ko fiye, sai ka tsinke ɗan wurin da suka haɗu da filaya. Raunin bai kai komai ba kuma yankin ya riga ya zauna a gidansa.

A Legas gaskiya jira ya fi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Zafin ruwan da ake so digiri 25 zuwa 26 ne a ma'aunin Celsius, ga zafi ga NEPA ta ɗauke wuta, famfo ya tsaya ruwa ya haura 29, murjani mai sabon rauni shi yake fara yin fari. In dole sai ka yanka, ka tabbata inbatarka na riƙe famfo, alkalinitin ruwan (awon sinadarin da murjani ke gina ƙashi da shi) na zaune wajen 8 dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, kuma babu abin da ka sauya a satin.

In akwai zoa ko Palythoa, wato murjani masu laushi da ke kama da ƙananan furanni, a jikin dutsen, safar hannu da tabarau kafin ka taɓa kurfi, wasunsu na da guba mai tsanani da ke shiga ta ido ko ciwo, kuma kar ka kuskura ka zuba wa dutsen tafasasshen ruwa, tururin ma yana kai mutane asibiti.