Gargaɗi ga masu aikin gadi da bindiga: ku kiyayi mai tallan jakar harsashi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu da ke aikin gadi a Amurka da lasisin riƙe bindiga. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallan jakunkunan fata na ɗaura harsashi a bel. Ɗan damfara ne. Ni ya ci ni, kuma bayan na yi magana a wurin aiki sai ga mutum biyu da suka yi shiru da nasu saboda kunya.

A Houston nake, ina gadin dare. Bindigar da nake ɗauka libarba ce, wato ƙaramar bindigar hannu mai gangar harsashi da ke juyawa, Smith & Wesson samfurin 10, mai cin harsashi shida na .38. Duk wanda ya riƙe libarba ya san inda gizo ke saƙar. In shidan nan suka ƙare, sai ka buɗe gangar, ka zubar da kwanso, ka sake ɗurawa, ba kamar fistol ba da za ka zare gidan harsashi ka cusa wani. Shi ya sa inda kake ajiye harsashin ko-ta-kwana a ƙugunka ba abin wasa ba ne. 'Yan sandan da suka riga mu sun yi amfani da madaukai a jikin bel, kowane harsashi da raminsa, ko wata 'yar jaka da ake ɓallewa ta zazzago maka su a tafin hannu. A watan Afrilun 1970, a Newhall ta jihar Kalifoniya, an kashe 'yan sandan sintirin babbar hanya huɗu cikin 'yan mintoci, kuma ɗaya daga cikinsu yana tsaka da ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya aka cim masa. Bayan wannan ne rundunarsu ta amince da maɗurin nan mai zagaye da ke zuba shida a lokaci guda, wanda ake ce wa sifidloda.

To, jakar sifidloda biyu nake nema, don tawa ta tsufa, maɓallinta ya saki. Sai ga tallan mutumin. Hotuna tsaf-tsaf, baƙar fata mai sheƙi, ɗinki kamar an ja da layi. Ya ce shi tsohon ɗan sanda ne da ya koma dukanci bayan ritaya, da hannunsa yake ɗinkawa. Jaka da maɗuri biyu na kamfanin HKS, duka dala 35. Da ya ga sunana sai ya fara yi mini sallama yana kirana ɗan uwa, har da cewa ya rage mini don Allah. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na ce ai kuɗin ba yawa.

Kayan sun iso bayan kwana goma sha biyu, kuma a nan ne wayonsa yake: na farko yakan turo. Ina buɗe ledar warin roba da gam ya bugi hancina. Ni jikan majema ne, a warin bagaruwa na tashi, ba sai an gaya mini fata ba. Na kankare gefen da farce, sai ga wani abu kamar kwali a ciki an lulluɓe shi da leda. Ɗinkin ma na ado ne, gam ne ke riƙe da komai. Madaukin baya kuma na bel ɗin wando ne mai inci ɗaya da rabi, alhali bel ɗin aiki inci biyu da kwata ne. Da ƙyar na tura shi ya shiga.

Duk da haka, wallahi sai da na ɗaura ta na yi dare uku da ita a bakin aiki. Wannan wautar tawa ce, ba ta kowa ba.

Ranar Asabar na je filin koyon harbi da wani dattijo ɗan Damagaram da ya girme ni a aikin da shekaru masu yawa. Na harba shida, na kai hannu ƙugu, murfin jakar ya biyo hannuna gaba ɗaya da maɓallinsa. Na zaro maɗurin, kafin in kai shi bakin gangar harsasai uku sun zube ƙasa suna gangarawa, ban ko murɗa kan da ke sakin su ba. Na ɗauko na biyun, shi kuma ya ƙi daidaita da ramukan. Dattijon ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce, "Yaro, wa ya sayar maka da wannan?" Na ce, "Baba, a intanet na saya." Ya ciro nasa ya jera su. A jikin na gaskiya akwai lambar samfuri, 10-A, wanda aka yi wa irin bindigata. Nawa ba lamba, rubutun sunan kamfanin ma fenti ne da ke gogewa da yatsa. Kowace libarba da maɗurinta: mai cin biyar daban, mai cin shida daban, faɗin ganga ma ya bambanta. Shi kuwa mutumin a tallansa cewa ya yi nasa na shiga kowace libarba, ni kuma na karanta na wuce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kafin ranar Asabar ɗin na riga na tura masa wasu kuɗin. Kwana ɗaya da isowar jakar ya rubuto cewa yana da harsashin .38 kwali goma, masu kwanson nikel, waɗanda ba sa yin koren tsatsar nan da tagulla ke yi in ta daɗe a jikin fata. Maganar gaskiya ce, kuma da irin ta yake kama mutum, don ya san yaren sana'ar. Ya ce dala 180, amma ba ya karɓar katin banki, sai turawa kai tsaye daga asusu zuwa asusu, kuma wasu na jira, in ban biya a daren ba zai ba su. Na tura. Ya ce zai aiko ta gidan waya. Da na tsaya na yi tunani da na gane, domin dokar Amurka ta hana aika harsashi ta gidan waya, sai ta kamfanonin dakon kaya masu zaman kansu. Lambar bin sawun kaya da ya ba ni ta wani ƙunshi ce da aka kai wata jiha tun makonni. Da na yi ƙorafi ya ce kayan sun maƙale, in ƙara dala 60 ta inshora. Na ce a'a. Daga nan ya toshe ni, ya yi ɓatan dabo.

Na kira banki, suka ce tunda da hannuna na tura, da wuya su dawo. Da katin bashi na biya, da ina da kwana 60 in ƙalubalanci cajin. Na kai rahoto ga FTC, hukumar kare masu sayayya ta Amurka, da sashen FBI mai karɓar ƙorafin zamba ta intanet, IC3, da hotunan hirarmu duka.

Yanzu ya canza suna, amma hotunan nan ne dai, kuma na gano daga shafin wani baduku na gaskiya ya kwaso su. An ce mini har yana gaya wa mutane zai iya aika kaya gida Najeriya. Kada wanda ya saurare shi. A dokar makamai ta 1959 libarba tana cikin bindigogin da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, wanda aka kama da harsashinta kuwa shi zai yi bayani, ba mai tallan ba.

In ka riga ka sayi jakarsa, cire ta daga ƙugunka yau. Wadda za ka saya a madadinta, je shago da bel ɗinka ka gwada, ka duba lambar maɗurin, ka kife shi ka girgiza ka ga ko zai zubar. In kuma ya taɓa karɓar kuɗinka, kada ka goge hirar, ka kai rahoto, ka kuma tura wannan saƙo zauren abokan aikinku.