Sabuwar Kasuwar Kejetia a Idon Mai Saye, da Bashin da Aka Gina Ta da Shi

Sau huɗu na shiga sabuwar kasuwar Kejetia da ke birnin Kumasi na ƙasar Ghana cikin makonni uku, ina rakiyar uwargida wajen haɗa kayan ɗakin 'yarmu ta biyu, kuma da yake aikina bai wuce riƙe takardar lissafi da jakar kuɗi ba, na samu sararin ƙare wa ginin kallo fiye da yadda mai ciniki yake samu. Mutanen Kumasi sun laƙaba mata suna Dubai, wasu da yabo, wasu da zolaya. Ni kuwa na san Kejetia tun ina yaro, lokacin da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake aikena daga Aboabo in kai saƙo wurin abokan cinikinsa na goro, saboda haka da wancan idon nake auna wannan.

Duk wanda bai taka tsohuwar Kejetia da tsohuwar babbar kasuwa a tsakiyar damina ba, da wuya ya fahimci dalilin da ya sa dattawa suke tsayawa su ɗaga kai idan sun shiga sabon ginin. A da, laka ce har idon sawu, kwatoci a buɗe, rumfunan langa-langa sun jingina da juna, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama kamar saƙar gizo-gizo, ga motocin haya suna kutsawa tsakanin masu tallar tumatir da masu ɗaukar kaya. Gobara kuwa ta zama baƙuwar da ake sa ran zuwanta. Yanzu rufi guda ne na ƙarfe, mai tsayi, ya lulluɓe shaguna sama da 8,000, ƙasa an daɓe ta, kowane shago da lambarsa da ƙofarsa ta ƙarfe, tashar mota kuma tana da nata ɓangaren. A zuwanmu na biyu aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya muna tsakiyar cinikin atamfa, kuma abin da ya burge ni shi ne mai shagon ko motsawa ba ta yi ba, ta ci gaba da warware turmi tana nuna mana zane. A tsohuwar kasuwa da tuni kowa ya ruga neman leda. Wannan kaɗai ya isa a yaba wa ginin, kuma na yaba.

Ta fuskar kaya, babu abin da ke cikin takardarmu da muka rasa: atamfa ta gida da ta waje, shadda, leshi, kuloli, tukwane, kwanukan samira, labule, har turaren wuta da kayan yaji na gara. An yi ƙoƙarin tara masu sana'a iri ɗaya a layi ɗaya, abin da ke sauƙaƙa kwatanta farashi, domin mutum yana iya taya turmi a shago uku ba tare da ya yi tafiyar da za ta gajiyar da shi ba. Tayi yana nan yadda aka san shi, kuma wanda ya biya kuɗin farko da aka yanka masa ya yi wa kansa. Kusan duk shagon da muka tsaya ana karɓar kuɗi ta waya, wato MoMo, sai dai wasu sukan nemi a ɗora musu kuɗin cirewa, don haka ya kamata a yi wannan magana tun kafin a ƙulla ciniki. Akwai wurin salla, akwai makewayi da ake biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, akwai kuma ofishin 'yan sanda. 'Yan mata masu dakon kaya a kai, waɗanda ake kira kayayo, yawancinsu daga arewacin ƙasar nan, suna ko'ina, kuma shawarata ita ce a yanke lada da su tun kafin a aza musu kaya, a kuma tuna cewa hawa da saukar bene suke yi da shi.

Maganar bene ita ce ta kawo ni ga abin da bai gamsar da ni ba. Cinikinmu na Afirka ta Yamma cinikin ƙasa ne, na mai wucewa da ya hango abu ya tsaya, kuma duk matakalar da aka ƙara tsakanin mai saye da mai sayarwa tana rage ƙafa. A ƙasa sai an yi turereniya, amma da muka hau sama sai muka tarar da layuka shiru, wasu shagunan a rufe, wasu masu su suna gyangyaɗi. A waje kuma, daga bakin kasuwar har zuwa unguwar Adum, 'yan tebur da masu shimfiɗa a ƙasa sun cika gefen titi, suna tare mai saye tun kafin ya kai ƙofa, kuma suna iya sassauta farashi saboda ba su da nauyin da mai shago yake ɗauke da shi. Tsarin layukan ma yana rikita baƙo, domin sun yi kama da juna matuƙa. Wanda ya ga abin da yake so, ya rubuta lambar shagon, in ba haka ba sai ya sha yawo kafin ya sake gano shi.

A ɗaya daga cikin waɗannan layuka na sama muka iske wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata, wadda ta shekara da shekaru tana sayar da kwanuka. Bayan mun gaisa na ce mata, “Mma, ai kun ji daɗi, kun rabu da laka da rana.” Ta yi murmushi ta ce, “Ɗana, mun rabu da laka, gaskiya ne, amma laka ba ta taɓa aiko mini da takardar biya ba.” Sai ta shiga lissafa mini kuɗin kama shago da ta biya tun farko, da kuɗin hidima na shara da tsaro, da kuɗin wuta, da harajin hukuma, ta ce duk wannan kafin ta sayar da cokali ɗaya. Ta ƙara da cewa ranar da aka zo da zanen ginin an nuna musu hoto mai kyau, sun tafa, amma ita dai ba ta tuna wanda ya tsaya ya faɗa musu abin da zaman cikinsa zai riƙa ci a kowane wata ba.

Maganar wuta ba ƙorafinta ba ne ita kaɗai. Kafafen labarai sun sha ruwaito yadda aka yanke wa kasuwar lantarki saboda bashin da ya taru, da yadda 'yan kasuwa suka daɗe suna neman a ba kowane shago mitarsa maimakon a raba musu lissafin mita guda. Haka nan a watan Maris na 2023 gobara ta tashi a cikin sabon ginin ta cinye shaguna da dama, har aka rufe kasuwar na 'yan kwanaki, abin da ya girgiza waɗanda suka ɗauka cewa siminti da ƙarfe sun raba su da wuta har abada.

Kuɗin da aka yi wannan gini da su bashi ne. Kamfanin Contracta na ƙasar Barazil ne ya yi aikin, an fara shi a 2015 zamanin Shugaba John Mahama, aka kammala kashi na farko a 2018, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 250. Majalisar dokoki ta ƙasa ce ta amince da rancen a Ankara, wato Accra, babban birnin Ghana, kamar yadda sashe na 181 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta ga duk bashin da gwamnati za ta ci. An bi doka ke nan, kuma ba na zargin kowa da saɓa mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nisan da ke tsakanin ɗakin da aka ɗaga hannu da layin da Hajiya take zaune.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata wannan labari ta waya, wanda yake zaune a wani ƙaramin gari kusa da Wusta a jihar Masacusets ta Amurka, yankin da 'yan Ghana suke da yawa. Ya ce, “Kawu, mu nan ko rufin ofishin gari za a sauya da kuɗin rance, sai an tara mu.” Ya bayyana mini cewa a ƙananan garuruwan jihar akwai taron gari, inda duk wanda ya yi rajistar zaɓe yake da damar shiga ya yi magana ya kuma jefa ƙuri'a, kuma cin bashi don gyara tsohon ginin hukuma, ko ɗakin karatu, ko tashar 'yan kwana-kwana, ba ya wucewa sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a a taron sun yarda. Ban da wannan, akwai wata doka da jama'ar jihar suka amince da ita a 1980, wadda ta taƙaita ƙarin harajin gidaje da gari zai iya yi a shekara zuwa kashi biyu da rabi cikin ɗari, ta yadda idan biyan bashin zai sa a tsallake wannan iyaka, sai an sake zuwa akwatin zaɓe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kafin ranar taron akan sanar da mutane adadin da za a ranta, da shekarun da za a ɗauka ana biya, da abin da zai ƙaru a kan harajin matsakaicin gida. Wani lokaci su amince, wani lokaci su ƙi, ginin ya ci gaba da yoyo har shekara ta zagayo a dawo da ƙudurin an rage masa kuɗi.

Ba zan ce a kwaso wannan tsari a dasa shi a Kumasi ba, domin garin da mutanensa za su shiga zauren makaranta guda daban yake da birnin da ya tara miliyoyi, kuma bashin dala da ƙasa ta sa wa hannu ya fi ƙarfin majalisar birni. Ina kuma zaton da an kira mu ƙuri'a a kan Kejetia, da yawanmu da launin jam'iyya za mu jefa, ba da lissafi ba. Duk da haka akwai abin da ƙuri'a take tilastawa wanda bikin aza harsashi ba ya tilastawa: dole mai neman a yarda ya fito da lissafin gaba ɗaya, har da kuɗin kula da ginin bayan an gama shi, tun da ya san akwai tsohuwar da za ta miƙe ta tambaye shi wa zai biya wuta. A tsarinmu, kashi 70 cikin ɗari na 'yan majalisar birni mu muke zaɓensu, sauran shugaban ƙasa ne yake naɗawa, shugaban birnin ma shi yake gabatar da shi majalisar ta tabbatar, kuma ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya a Disamban 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi an janye ta kafin ranar. Da wannan ɗan abin da muke da shi ma, babu dokar da ta hana a tara shugabannin layuka da sarauniyoyin kasuwa, wato matan da ke shugabantar masu sana'a iri ɗaya, a karanta musu lissafi da Turanci da Tuwi, harshen mutanen Asante, da Hausa kafin a rushe rumfa ko ɗaya.

Wanda yake son ganin abin da bashi yake yi idan lissafi ya karkace, ya leƙa ta gefen da tsohuwar babbar kasuwa take. A watan Mayun 2019 Shugaba Nana Akufo-Addo da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, suka aza harsashin kashi na biyu, aikin Yuro miliyan 248 da rancen Deutsche Bank, bisa lamunin hukumar Birtaniya mai tallafa wa cinikin ƙetare. Aka tashi 'yan kasuwa, aka tura wasu tsohon filin sukuwa, wasu Abinkyi, da alkawarin za su dawo sabon gini. Sai ga Disamban 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, gwamnati ta sanar da dakatar da biyan mafi yawan basussukanta na waje, kafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da shirin dala biliyan 3 a Mayun 2023. Kuɗin aikin suka tsaya, aikin ya tsaya da su, ginshiƙai suka yi ta shan ruwa da rana, mutanen da aka tasa kuwa suka ƙara yawan masu shimfiɗa a bakin titi, waɗanda su ne kuma suke tare wa Hajiya masu saye. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ci bashin, amma kowannensu ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ga mai niyyar zuwa, safiya ta fi, kafin rana ta take kuma kafin cunkoson motoci ya toshe hanyoyin shiga, sannan ranakun tsakiyar mako sun fi Asabar sauƙi nesa ba kusa ba. A sa takalmi mara tsini, a riƙe waya da jaka a gaba kamar yadda ake yi a kowace babbar kasuwa. Kuma a daure a hau sama. A can muka samu kuloli da kwanuka a farashin da ya fi na ƙasa sauƙi, da masu shagon da suke da lokacin buɗe kwali su bari a duba kaya ɗaya bayan ɗaya. Saura mana labule da tukwane biyu, kuma Hajiya ta ce mu koma ranar Alhamis bayan azahar, kayanta na hanya.